Caracal C: bindigar da masu sharhi suka yaba, kamfaninta ya ce a dawo masa da ita

A watan Satumba na 2013, kamfanin Caracal da ke Abu Dhabi ya fitar da wata sanarwa da ba kasafai ake ganin irinta daga masu ƙera makamai ba. Ya ce duk wanda ke riƙe da ƙaramar bindigarsa ƙirar C, a kowace ƙasa yake, ya daina harba ta, ya dawo da ita a mayar masa da kuɗinsa. Kamfanin bai yi alkawarin gyara ba, domin shi da kansa ya ce matsalar ba ta gyaruwa a jikin wannan ƙirar. Watanni shida kafin nan, a watan Maris, ya riga ya amsa cewa ƙarfen saman ɗaya daga cikin bindigogin ya karye ana cikin harbi, har ya ji wa mutum rauni.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan tsohon labari shi ne abin da ya gabace shi. Kafin a kai ga nan, bindigar Caracal tana da takardar shaida daga cibiyar gwajin makamai ta rundunar sojin Jamus, kuma ta sha yabo a mujallu da bidiyoyin masu sharhin bindiga. Mutanen da suka yaba mata ba maƙaryata ba ne, sun faɗi abin da suka gani. To ta yaya gwani zai riƙi abu a hannunsa, ya gwada shi, ya ce lafiya lau, alhali abin yana ɗauke da aibin da zai iya fasa wa mutum fuska? Amsar tana cikin hanyar da ake bi wajen yin sharhin, kuma wannan hanyar ce muke suka a wannan rubutu.

Mu faɗa tun da wuri, wannan ba jagorar sayen bindiga ba ce. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya fistol da ire-irenta cikin jerin makaman da aka haramta wa mutum ya riƙe sai da lasisin shugaban ƙasa. Amma 'yan sanda da sojoji suna rataye da su kullum, da kuɗin jama'a ake sayo su, kuma wani ne yake zama ya yanke hukuncin wacce za a saya. Bayan haka, kuskuren tunanin da za mu nuna a nan shi ne dai wanda ake yi wajen auna sabon magani, ko janareta, ko tayar mota.

Wace ce wannan baƙuwar?

Idan aka ajiye maka bindiga mai sunan da ba ka taɓa ji ba, tambayar farko ba ita ce ko tana da kyau ba. Tambayar farko ita ce wa ya ƙera ta, a ina. Yarjejeniyar bin diddigin ƙananan makamai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2005 ta buƙaci a buga wa kowace bindiga shaidar maƙerinta, da ƙasar da aka ƙera ta, da lambar siriyal. A Amurka kuma doka ta tilasta wa kamfanin da ya shigo da bindiga daga waje ya buga sunansa da garinsa a jikinta. Waɗannan rubuce-rubucen su ne katin shaidar bindiga, kuma sau da yawa sunan da aka rubuta da manyan haruffa ba shi ne na masana'antar ba.

Ga misali. Bindigogin XD da Hellcat da ake sayarwa a Amurka da sunan Springfield Armory, kamfanin HS Produkt ne yake ƙera su a garin Karlovac na ƙasar Kuroshiya, kuma an buga sunan ƙasar a jikinsu ga mai son dubawa. A ɗaya ɓangaren, maƙeran garin Darra Adam Khel na Pakistan sun shahara wajen kwaikwayon bindigogin manyan kamfanoni har da tamburansu. Ka ga ke nan sanannen suna yana iya rufe masana'antar da ba ka sani ba, kuma tambari yana iya zama na jabu. Mai sharhin da ya fara da yabon riƙo da launi bai karanta mana abin da ke rubuce a jikin ƙarfen ba, ya tsallake matakin farko.

Ita Caracal ba ta da wannan ruɗanin. Asalinta a fili yake. An fara aikin zana ta a 2002 a ƙarƙashin jagorancin Wilhelm Bubits, wani ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya riga ya zana bindigar Steyr M. A watan Mayu na 2006 cibiyar WTD 91 da ke garin Meppen a Jamus ta ba ta shaidar cika ƙa'idojin ƙungiyar tsaro ta NATO da na 'yan sandan Jamus. A 2007 aka baje ta a kasuwar baje kolin makamai ta IDEX a Abu Dhabi. Sunan kuwa na wata kyanwar daji ce mai dogayen kunnuwa masu baƙin gashi a tsini. Babbar ƙirar, wato F, tana ɗaukar harsashi 18 masu faɗin milimita 9. Ƙaramar, wato C, tana ɗaukar 15, bututunta milimita 93 ne, nauyinta kimanin giram 700.

Wato sabon kamfani ne daga ƙasar da ba a san ta da ƙera fistol ba, amma da gogaggen mai zane da takarda daga Jamus. Duk wanda ya ga wannan haɗin zai saki jiki.

Inda masu sharhi suka yi daidai

Bai kamata mu zalunce su ba. Babban abin da suka yaba gaskiya ne, kuma kimiyya ta goyi bayansu. A bindigar Caracal, bututun yana zaune ƙasa-ƙasa, kusa da hannun mai harbi. Idan harsashi ya fita gaba, bindiga tana turowa baya a kan layin bututun. Hannu kuma yana riƙe da ita a ƙasan wannan layin. Tazarar da ke tsakanin layin turin da wurin riƙon ita ce ke sa bakin bindiga ya ɗaga sama, kamar yadda dogon sifana yake kwance ƙusar taya cikin sauƙi fiye da gajere. Rage tazarar, ɗagawar ta ragu, mai harbi ya dawo kan saiti da wuri. Wannan abu ne da hannu ke ji tun daga harbin farko.

Haka ma laushin kunama, da yadda mariƙin ke zama a tafin hannu, da yadda harsasai ke taruwa wuri ɗaya a jikin takardar saiti. Duk waɗannan halaye ne na zane. Suna nan a jikin kowace bindiga ta wannan ƙirar, don haka bindiga ɗaya da yini ɗaya sun isa a gane su. A kan irin waɗannan abubuwa, sharhin gwani yana da amfani sosai.

Matsalar tana farawa ne daga jimlar da kusan kowane sharhi yake rufewa da ita, mai cewa an harba ɗaruruwan harsasai ba ta cije ko sau ɗaya ba, saboda haka abar dogaro ce. Rabin farko na jimlar labari ne na abin da ya faru. Rabi na biyu hukunci ne, kuma labarin bai isa ya ɗauki nauyinsa ba.

Lissafin harsashi 500

Masu ilimin ƙididdiga suna da wata ƙa'ida mai sauƙi da suke kira ƙa'idar uku. Likitoci sun san ta sosai, musamman tun bayan wani rubutu da Hanley da Lippman-Hand suka buga a mujallar JAMA a 1983 kan gwaje-gwajen da ake gamawa ba a ga illa ko ɗaya ba. Ƙa'idar ta ce idan ka yi gwaji sau da yawa ba ka ga matsala ba, abin da kawai za ka iya faɗa da tabbacin kashi 95 cikin 100 shi ne yawan aukuwar matsalar bai wuce 3 a cikin adadin gwajin da ka yi ba.

Mu ɗora ta a kan bindiga. Mai sharhi ya harba harsashi 500, babu cijewa. Uku cikin 500 daidai yake da ɗaya cikin 167. Ma'ana, bindigar da a zahiri take cijewa sau ɗaya a kowane harbi 167 tana iya tsallake wannan gwajin idan ta taki sa'a. A bindiga mai ɗaukar harsashi 15, wannan cijewa ɗaya ce a duk cikawa 11. Wane ɗan sanda ne zai yarda ya fita aiki da ita in an gaya masa haka? Idan kuwa kana son ka ce ba ta cijewa fiye da sau ɗaya a harbi 2,000, sai ka harba 6,000 a jere ba tare da tangarɗa ba. Kuɗin harsasan kaɗai ya fi kuɗin bindigar, shi ya sa masu sharhi kaɗan ne suke kaiwa can.

Ba mu ce harsashi 500 banza ba ne. Idan bindiga ta cije sau goma a cikinsu, an gano wani abu. Gwaji gajere yana iya kama mummunar bindiga, amma ba ya iya wanke mai kyau. Wannan rashin daidaito ne masu sharhi suke mantawa da shi.

Saman kwando

Akwai abin da ya fi wannan muni. Duk lissafin da muka yi a sama a kan bindiga ɗaya ce, wadda ke hannun mai sharhi. Wadda mai saye zai ɗauka a shago wata ce daban, wataƙila daga wani zubin ƙarfe daban, a wata shekarar daban.

Mu yi misali da lambobin da muka zaɓa don sauƙin lissafi. A ce a cikin kowace bindiga 1,000 akwai ɗaya da ƙarfenta bai gasu daidai ba. Masu sharhi 10 suka karɓi ɗaya-ɗaya. Yiwuwar a samu ko mutum ɗaya cikinsu da mai aibin ta faɗo hannunsa kusan kashi 1 ce cikin 100. Ko da masu sharhin sun kai 100, yiwuwar ba ta kai kashi 10 ba. Amma idan aka sayar da 20,000, akwai masu aibi 20 a hannun jama'a. Kowane sharhi zai ce lafiya lau, kowannensu gaskiya ya faɗa, kuma mutum 20 suna cikin haɗari.

Wannan ma idan an ɗauko bindigar gwajin ba tare da zaɓe ba ke nan. A al'adar wannan sana'a, sau da yawa kamfani ne yake aiko wa mai sharhi bindigar, wani lokacin ma kafin a fara ƙera ta da yawa. Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir ya san bambancin na sama da na ƙasa. Ba sai an yi niyyar yaudara ba. Bindigogin farko injiniyoyi ne suke haɗa su da hannu, suna duba kowane ƙarfe. Na kasuwa layin masana'anta ne yake fitar da su dubu-dubu.

Kamfanin Remington na Amurka, wanda aka kafa tun 1816, ya ɗanɗana wannan a 2014. Ya fito da ƙaramar bindiga mai suna R51. Marubutan da aka gayyata suka harba na farko-farko sun yaba ƙwarai. Da ta shiga shaguna, masu saye suka fara kukan cijewa da wasu matsaloli. Kafin shekarar ta yi nisa kamfanin ya dakatar da ƙera ta, ya nemi a dawo da waɗanda aka sayar, kuma sai a 2016 ya sake fito da ita. A nan ma ba a kama marubutan da ƙarya ba. Abin da aka ba su suka gwada.

Ƙarfe ma yana gajiya

Yanzu mu koma ga abin da ya karye a jikin Caracal C. A saman irin wannan bindiga akwai murfin ƙarfe mai zamewa. Duk harbi, yana gudu baya ya fitar da kwanson harsashi, ya daki madogararsa, sannan sifirin ya turo shi gaba ya ɗauko sabon harsashi. Bayan wannan murfin yana daidai saitin idon mai harbi. Idan ya tsinke a tsakiya, ɓarin bayan ba shi da inda zai nufa sai fuska.

Ƙarfe ba ya buƙatar duka ɗaya mai ƙarfi kafin ya karye. Ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya. Sau ɗaya ba ta komai, sau biyar ba ta komai, can sai ta tsinke a hannunka. Injiniyoyi suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Wani injiniyan jirgin ƙasa ɗan Jamus, August Wöhler, shi ne ya yi nazarinta a tsanake a shekarun 1850 da 1860, lokacin da yake binciken dalilin karyewar ƙarafan da ke haɗa ƙafafun jirgi. Abin da ya nuna shi ne nauyin da ƙarfe zai ɗauka lafiya sau ɗaya yana iya karya shi idan aka maimaita sau dubbai. Tsagewar tana farawa ƙarama, ido ba ya ganinta, galibi a wata kusurwa mai kaifi ko bakin rami, tana ƙara tsawo da kowane bugu. Har zuwa harbin ƙarshe, bindigar tana aiki kamar babu komai.

Idan irin wannan ƙarfe ya karye, injiniyoyi sukan duba abu uku: siffar wurin da ya tsage, da ingancin ƙarfen tun daga zubi, da yadda aka gasa shi. Na ukun kowane maƙeri ya san shi. Ana gasa ƙarfe ya yi ja, a tsoma shi a ruwa ko mai ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don ya rage gautsi. In aka kuskure, ko dai ya yi laushi ya lanƙwashe, ko ya yi gautsi ya fashe kamar tangaran. Daga waje, ƙarfe mai kyau da mara kyau launinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya.

Ƙaramar bindiga kuma ta fi babba shan wannan wahala, ga dalili. Harsashi mai nauyin giram 8 da ya fita da gudun mita 350 a daƙiƙa yana tura murfi da bututu baya da turi daidai da nasa. A ce nauyin murfin da bututun giram 350 ne, za su fara ja da baya da gudun kimanin mita 8 a daƙiƙa. Rage nauyin da kashi 20 cikin 100, ya koma giram 280, gudun ya zama mita 10. Ƙarfin motsin da dole sifirin da madogara su shanye ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, alhali filin da za a shanye shi a ciki ya gajarta. Mun sauƙaƙa lissafin, amma alƙiblarsa daidai ce. Harsashi iri ɗaya ne, ƙarfen da zai ɗauki dukan ya ragu. Saboda haka kuskure ne a ɗauki kyakkyawan tarihin babbar ƙira a shafa wa ƙaramarta, kamar yadda ake yawan yi a sharhi.

Takardar Jamus fa?

Wani zai ce, to mun ji na masu sharhi, amma ai cibiyar soja ta gwada. Gaskiya ne, kuma irin wannan gwaji ya fi na mujalla nesa ba kusa ba. Ana duba ƙarfe, a yi dogon harbi, a sa bindiga cikin zafi da sanyi da yashi da laka. Sai dai takardar shaida tana magana ne a kan samfuran da aka kai cibiyar a lokacin da aka kai su. Ta 2006 ta nuna cewa zanen yana iya ba da bindiga mai cika ƙa'ida. Ba ta iya yin rantsuwa a kan murfin da aka gasa a masana'anta shekara biyar bayan haka. Wannan aiki ne na sashen kula da inganci na kamfani, kuma shi ne abin da sabon kamfani ya fi ƙarancin gogewa a kai.

Akwai gwajin da ake yi wa kowace bindiga ɗaya bayan ɗaya. Ƙasashen da ke cikin hukumar C.I.P., wadda aka kafa a 1914, mafi yawansu na Turai har da Chile da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suna buƙatar a harba kowace bindigar farar hula da harsashi na musamman kafin a buga mata tambarin gwaji. Iyakar matsin da hukumar ta yarje wa wannan harsashi mai milimita 9 bar 2,350 ne, wato kimanin ninki dubu na iskar tayar mota, kuma harsashin gwajin fistol yana ɗara wannan da kashi 30 cikin 100. Gwaji ne mai kyau, yana kama bututun da zai fashe tun ranar farko. Amma harbi biyu ne. Gajiyar ƙarfe kuwa sai an yi dubbai take nuna kanta.

Sai batun faɗuwa. Tun a ƙarshen 2012, kafin maganar murfi, kamfanin Caracal ya nemi a dawo da wasu bindigogin F da C saboda yiwuwar su tashi da kansu idan suka faɗi a kan abu mai tauri da harsashi a ciki. Yadda hakan ke faruwa a bindigogi gaba ɗaya shi ne abin da ke faruwa da fasinja idan direba ya taka birki ba zato. Jikin bindiga ya daki ƙasa ya tsaya cak, ƙananan ƙarafan ciki suna son ci gaba da tafiya. Idan alƙiblar faɗuwar ta dace da alƙiblar da kunama ko allurar da ke dukan gindin harsashi take motsawa, sai a yi harbi babu yatsa.

Ana gwada wannan. Jihar Kalifoniya, tun daga 2001, tana buƙatar a kawo samfur uku na kowace ƙira, a harba 600 da kowanne, cijewa kada ta wuce shida, sannan a yar da kowanne daga tsayin mita ɗaya a kan kankare ta fuskoki shida. Amma bindigar da ta zame daga ƙugun mutum ba ta san da fuskoki shida ba. Kamfanin SIG Sauer ya gamu da wannan a 2017. A watan Janairu rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta zaɓi bindigarsa P320. A watan Agusta aka nuna cewa irin ta kasuwa tana iya tashi idan ta faɗi a kan bayanta a wata karkata ta musamman. Kamfanin ya ce bindigar ta cika ƙa'idojin gwajin da ake da su, sannan ya buɗe shirin canza wa masu ita kunama da wasu ƙarafan ciki da marasa nauyi. Duka maganganun biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda. Gwaji yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai.

Laifin baƙunta ne?

Bayan 2013, hukuncin da ya fi sauƙi shi ne a ce ai dama, wa ya aike ku sayen bindiga daga kamfanin da ba a sani ba. Wannan ma sharhi ne na kasala. Beretta na Italiya yana cikin tsofaffin kamfanonin makamai a duniya, tarihinsa ya kai 1526. Sojojin Amurka sun ɗauki bindigarsa a 1985 da sunan M9. A ƙarshen shekarun 1980 aka samu karyewar murfi a wasu daga cikinsu, har da raunuka, kuma ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya rubuta rahoto a kai a 1988. Kamfanin ya ɗora laifin a kan harsasai masu matsi fiye da ƙima, masu binciken soja suka nuna yatsa ga ingancin ƙarfen. Daga ƙarshe aka gyara zanen yadda ko murfin ya karye, ɓarin ba zai taso wa mai harbi ba. Aibi iri ɗaya da na Caracal C, a gidan da ya shekara fiye da 400 yana wannan sana'a.

A ɗaya hannun, lokacin da Gaston Glock ya shiga gasar samar wa sojojin Ostiriya bindiga a farkon shekarun 1980, kamfaninsa wuƙaƙe da sandunan labule aka san shi da su. Bai taɓa ƙera fistol ba. Da an yi hukunci da suna, da ba a ko saurare shi ba.

Abin da tsohon kamfani ya fi sabo da shi guda biyu ne. Na farko tarihi a hannun jama'a. Ƙirar da aka sayar da miliyoyinta a tsawon shekaru 20 ta riga ta sha gwajin da babu ɗakin binciken da zai iya yi, kuma aibinta, in akwai, ya riga ya fito. Na biyu, kamfanin zai kasance a raye ranar da aka buƙace shi. A Amurka, hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi ba ta da hurumi a kan bindigogi, don haka janye bindiga daga kasuwa ganin damar kamfani ne. A nan Caracal ya cancanci a yaba masa, ya amsa matsalar kuma ya mayar da kuɗi. Kamfanin Hudson na jihar Texas, wanda ya fito da bindigar H9 a 2017 cikin yabo mai yawa, ya durƙushe a 2019, ya bar masu ita babu wanda zai gyara musu.

Sharhin da ya kamata a rubuta

Ba mu nemi mai sharhi ya zama cibiyar Meppen ba. Abin da muke nema ya faɗi iyakar abin da ya gani. Ya karanta mana rubutun da ke jikin ƙarfe, ya bambanta mai ƙera da mai shigowa. Ya faɗa ko a shago ya sayi bindigar ko kamfani ne ya aiko, kuma ko kamfanin yana talla a shafinsa. Ya faɗi bindiga nawa ya gwada, harsashi nawa, wane iri, ya rubuta kowace cijewa har da wadda yake ganin laifin harsashi ce. Ya raba abin da yini ɗaya ke iya nunawa, kamar riƙo da saiti da kunama, da abin da sai shekaru da dubban hannuwa. Idan akwai takardar shaida, ya faɗi shekararta da ƙirar da aka gwada. Kalmar abar dogaro kuma ya ajiye ta har sai yana da lambobin da za su ɗauke ta.

Ga hukumar da za ta sayo wa jami'anta dubbai, nauyin ya fi haka. Ita ce ya kamata ta zari samfur da kanta daga cikin kayan da aka kawo, ba daga akwatin da aka ware wa baƙi ba, ta maimaita haka a kowane zubi, ta harba wasu har su lalace don ta ga ta inda suke lalacewa, ta rubuta a kwangila wanda zai ɗauki asara idan aibi ya fito bayan shekara uku.

Mu masu karatu kuma, duk lokacin da muka ji an ce an gwada abu ba a ga matsala ba, tambaya biyu sun ishe mu fara da su: sau nawa aka gwada, kuma wa ya zaɓi wanda aka gwada ɗin? Idan an faɗi adadin, ku tuna da ƙa'idar uku: 3 a cikin wannan adadin. Abin da ya fito shi ne girman haɗarin da gwajin bai kore ba.